Kafin a tashi masu tukuba daga unguwanni, a saurari ɗan mahauta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, ku da abokan aikinku.

Na karanta ra'ayin da wani bawan Allah ya rubuto muku kwanakin baya, inda yake kira ga hukuma ta tashi masu tsire da balangu da masu farfesun kayan ciki daga cikin unguwanni, a tara su wuri guda a bayan gari, ko kuma a tilasta musu shiga shago mai gilashi. Hujjarsa ita ce ƙuda da ƙura da hayaƙi. Ban ce ya yi ƙarya ba. Akwai ƙuda, akwai ƙura, wanda gidansa ke jikin tukuba kuwa ya san hayaƙi. Amma idan aka bi shawararsa, abin da za a fara kashewa shi ne abu guda da ya rage yana tsare mai cin nama a garin nan, wato sanayya tsakanin mai gashi da mai saye.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, amma gidanmu gidan fawa ne a cikin birnin Kano. Mahaifina Barunde ne, wato mahauci, kakana ma haka. Kafin in iya riƙe alƙalami na iya riƙe ƙafar rago ana fiɗa. Ina faɗin wannan da ƙarfi domin na san masu boko da yawa daga gidajen irin namu da ke ɓoye asalinsu, saboda har gobe akwai gidan da za ka je neman aure a tambayi sana'ar gidanku, ka ce fawa, ka ga fuska ta canja. Mutanen nan kuwa ba sa iya cin tuwo sai da tsoka a kai. Allah Ya kyauta.

A bakin layinmu akwai wata tukuba da ta girmi yawancin masu zama a gabanta. Mai ita dattijo ne, duk muna ce masa Baba, har mu da furfura ta gama cin kanmu. Da la'asar sakaliya yaransa ke tsire nama a jikin tsinke, a barbaɗa ƙuliƙuli, a jera a kewaye da wuta. Gefe guda ga balangu a kan waya, ga tukunyar kayan ciki tana ɓararraka. Mai shayi na jikinsa, benci biyu da tabarma a tsakaninsu. Da an idar da sallar isha'i majalisa ta cika: ɗan kasuwar Kwari, direban adaidaita sahu, ma'aikacin asibiti, tela, da mu 'yan fansho da ba mu da abin yi sai gyara wa gwamnati kuskurenta da baki. Ƙarfe takwas da rabi a ƙure rediyo a ji BBC, a gama a ɗora musu. Yaran yanzu kowa da ƙungiyarsa ta Ingila, mu kuwa muna nan kan Kano Pillars, ko ta ci ko an ci ta.

A wannan bencin ake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda aka kwantar a asibiti. A nan ake haɗa gudummawar aure, a nan ake sasanta maƙwabta kafin magana ta kai gaban mai unguwa, a nan ake shirya watanda idan azumi ya zo ƙarshe. Wanda aka kwana biyu ba a gani ba, a tura yaro gidansa. Ɗana da ke karatu a Ingila ya ce can ma haka suke da mashayar unguwa, kowa da tasa da ya saba, mai wurin ya san abin da zai zuba masa tun bai buɗe baki ba, kuma suna ta kuka saboda irin waɗannan wurare na rufewa. Mu addini ya raba mu da giya, alhamdu lillahi, amma bai raba mu da bukatar wurin da magidanci zai zauna da 'yan'uwansa bayan wahalar yini ba. Namu wurin shi ne gaban mai nama da mai shayi.

To ga inda maganar take, Malam Edita. Baba ba zai iya sayar mana da naman da ya kwana ya fara ɗoyi ba, ko da zuciyarsa ta raya masa. A gabanmu ake sauke naman daga kan babur, muna ganin launinsa. Mun san a kwatar da ya sayo. Sahu ɗaya muke bi da shi a masallaci. Idan cikin yaron wani ya ɓaci da daddare, da asuba uban zai tare shi a ƙofar masallaci, kafin hantsi unguwa ta ji. Babu wata takardar hukuma da ta kai wannan tsoro. Ranar da aka kai shi bayan gari yana sayar wa masu wucewa a mota, waɗanda ba zai sake ganinsu ba, ranar aka cire masa wannan takunkumi. Shi mai tsoron Allah ne, zai ci gaba da yin daidai. Na bayansa fa?

Mai son ganin inda cuta take, ya dubi naman da ba shi da uba. Ina nufin kilishin leda da ake cusa maka ta tagar mota a tasha ko a cunkoson titi, ba suna, ba unguwa, ba ranar da aka yi shi. Bari in faɗi yadda kilishi yake a hannun masu shi, don mai karatu ya gane abin da ake tsallakewa.

Kilishi ba ya son kitse ko jijiya. Tsoka zalla ake nema, galibi ta cinya. Gwani zai zauna da wuƙa mai kaifi ya riƙa buɗe tsokar yana juya ta, yana bi a hankali, har dunƙule guda ya zama falle mai faɗi, siriri, wanda in ka ɗaga shi za ka ga hasken rana ta jikinsa, kuma bai huje ba. Wannan shi ne aikin da yaro ke shekaru yana koyo, yana ɓata nama ana ranƙwashinsa. Sai a shimfiɗa fallayen a kan gadon kara, a rana, a riƙa ɗaga su ana juyawa don kada su manne. Tsokar saniya kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kuma wannan ruwan ne ke ruɓar da nama. Duk hikimar kilishi ita ce a kore shi da sauri kafin ruɓa ta samu wurin zama, shi ya sa ake yanka shi siriri haka, shi ya sa kuma kilishin hunturu da na bazara ya fi na damina nesa ba kusa ba. Wanda ya ce kilishi ya yi tsada, ya tuna yawan tsokar da ta ƙone a rana kafin a samu falle ɗaya.

Idan ya bushe sai a haɗa labu. Tunkuza ce uwarsa, wato gyaɗar da aka niƙa aka matse manta. A dama ta da ruwa, a sa albasa da citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono da tafarnuwa da gishiri, wasu su ƙara fasaƙwari, wasu ɗan sukari. Kowane gida da ma'auninsa, kuma ba a faɗa wa bare. Mahaifina ko mu 'ya'yansa sai da muka girma ya bari muka ga hannunsa a kan kanumfari, domin shi ne in ya yi yawa ya ɗaci, in ya yi kaɗan kilishi ya zama lami. A tsoma busasshen naman a labu har ya sha ya yi laushi, a mayar da shi rana karo na biyu. Bayan ya sake bushewa ne ake nuna masa garwashi na 'yan mintoci, a yayyafa man gyaɗa, a bar shi ya huce kafin a naɗe. Akwai ja, akwai fari, akwai kuma rumuzu, wanda ba a tsoma shi a labu, mai da gishiri da yaji kawai ake shafa masa. Wanda aka yi haka yana wata da watanni bai canja ba. Da irinsa fatake ke guzuri, da irinsa mutanen Agadasawa suka yi sunan da har yau baƙo ba ya barin Kano bai nemi tsarabarsa ba.

Yanzu ga abin da mai gaggawa ke yi. Shanya ta biyu ba ya bari ta kammala, saboda danshi nauyi ne, nauyi kuwa kuɗi. Ya zuba a leda ya ɗaure da sauran ɗumi, gumi ya taru a ciki, bayan kwana kaɗan funfuna ta fito. Tunkuzarsa ta gyaɗar da masu mai suka ƙi ce, wadda ta sha danshi a rumbu, alhali masana sun daɗe suna gargaɗi cewa irin wannan gyaɗa tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe gubar. Ya cika gari don labu ya yi kauri, ya zuba kala don ya yi ja, ka saya kana tauna ƙulli kana neman nama. Mafi muni shi ne mai fesa maganin ƙwari a wurin shanya don korar ƙuda. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne kan amfani da irin su Sniper wajen adana abinci, har a 2019 ta ɗauki mataki kan ƙananan kwalabensa. Duk waɗannan ba a gaban majalisa ake yin su ba. A bayan katanga ake yi, inda ba mai gani, kuma shago mai gilashi ba ya hana ko ɗaya daga ciki. Gilashi ƙuda yake tarewa, ba ya tare ha'inci.

Kayan ciki kuwa, wanda marubucin ya ambata kamar abin ƙyama, ina so ya san ba abincin da ya kai shi bukatar gwani. Shi ne ke fara lalacewa a jikin dabba. Abin da aka yanka da asuba, in azahar ta yi bai hau wuta ba, mahaifina ba ya taɓa shi. Hanta ana fara cire mata maɗaciya ne a hankali, domin in ta fashe ta ɓata duk inda ta taɓa. Sai a tsaga hantar a duba hanyoyinta. In sun yi fari sun yi kauri, ka matsa ka ga tsutsa mai faɗi ta fito, wannan ba ta sayarwa ba ce. Huhu ana shafa shi da hannu, in aka ji ƙulle-ƙulle masu tauri a ciki a yar, saboda tarin fuka na shanu yana kama mutum. Ƙoda a raba ta biyu a cire farin da ke tsakiya, shi ke kawo zarni. Tumbi a zazzage shi nesa da sauran nama, a wanke, a zuba masa ruwan zafi a kankare. Hanji a bi shi da ruwa har sai abin da ke fitowa ya yi fes, a juya cikinsa waje, a murje da gishiri ko lemon tsami, sannan a kitsa shi ko a naɗa shi a jikin yankan tumbi. A tukunya ma ba tare ake zuba su ba. Tumbi da hanji su fara shiga su daɗe, hanta ta zo daga ƙarshe, in ba haka ba ta yi tauri ta zama gari a baki.

Duk wannan aiki abu ɗaya yake ci: ruwa. Ruwa mai yawa, mai tsabta. A nan ne ya kamata marubucin ya kai ƙararsa. Mahaucin da ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, kuma kuɗin jarka ya hau tun da aka cire tallafin mai a 2023, shi ne za ka gani yana wanke tumbin shanu uku a baho ɗaya. Ba na kare shi, amma kora ba ta kawo famfo.

Kuma kada a raina wannan abinci. A hadisi an halatta mana jini biyu, hanta da saifa. A al'adarmu, mace ta haihu, kafin suna miji zai kawo ƙafafun saniya a yi wa maijego ƙauri, a dafa da kayan yaji ta sha romo ta samu ƙarfi. Marar lafiyar da jininsa ya yi ƙasa, hanta ake gasa masa. Talakan da ba zai iya sayen tsoka ba, da langaɓu da ragadada da ganda yake sa wa iyalinsa maiƙo a baki. Ɗan nan nawa ya ba ni labarin mutanen Sikotilan, da ke niƙa zuciya da hanta da huhun tunkiya su haɗa da hatsi da albasa su dafa a cikin tumbi, su kira shi abincin ƙasa, har suna da daren 25 ga Janairu da ake shigo da shi da busa. Su suna yi wa kayan cikinsu kiɗa, mu ɗan bokonmu na toshe hanci.

Inda na yarda da marubucin ɗari bisa ɗari kan maganar hayaƙi shi ne babbaka da taya. A da, da kara da itace ake babbake kai da ƙafa da ganda. Yau je ka bayan kwata ka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe, tsofaffin tayoyi ake ƙonawa, wani har da robobi, kuma abin da ke cikin hayaƙin nan yana shiga fatar da za a ci. Wannan a hana shi yau, ba sai gobe ba. Haka fatun da aka sa wa sinadarin jima don masana'anta, a karkatar da su kasuwa a matsayin ganda, abin da NAFDAC ta yi gargaɗi a kansa a 2019. Haka dabbar da ta kusa mutuwa a mota a hanyar dawowa daga Maigatari ko Wudil ko Potiskum, a yi maza a sa mata wuƙa, ko ma wadda ta riga ta zama mushe. Mun ga tsoron da aka shiga a 2023, lokacin da aka tabbatar da cutar antiraks a wata gona kusa da Suleja, gwamnati ta ce a yi hattara da ganda da naman banda. Cutar nan tana kumbura saifar dabba ta yi baƙi, tsofaffin mahauta sun san alamarta, kuma sun san irin wannan gawa binne ta ake yi ba a feɗe ba. Sai kuma jaki. Tun da fatarsa ta yi daraja saboda masu kai ta Sin, naman da aka feɗe ya rage dole ya nemi inda zai shiga, kuma busasshen nama mai yaji wuri ne mai kyau na ɓuya. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna don fatarsu a Fabrairun 2024, amma takarda a Adis Ababa ba ta tsaron tasha. Naman raƙumi halal ne, ana cin sa a Kano ba tun yau ba, ni ma ina ci. Sharaɗi kawai a faɗa wa mai saye abin da yake saya.

Masu tukuba ma suna da nasu laifin, kuma ina faɗa wa Baba a gabansa. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ke yanka albasa. Tsiren da ya kwana akan mayar da shi wuta a haɗa da sabo. Sannan naɗi a takarda: Malam Edita, kada ranku ya ɓaci, na sha cin balangu a cikin jaridarku, wani lokaci ina ci ina karanta rabin labari, sauran rabin mai ya cinye. Tawada ba abinci ba ce, takardar buhun siminti kuwa ta fi muni. Amma waɗannan gyara suke so, kuma mu masu zama a wurin mu ne muka fi kowa iya sa a gyara. Da muka matsa, Baba ya sa yaro guda kan kuɗi kawai, ya kuma sayi ragar rufe nama. Ba hukumar da ta zo.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maƙwabtanmu sun riga mu gane darajar abin. A 'yan shekarun nan Jamhuriyar Nijar ta kai kilishinta da albasar Galmi gaban OAPI, hukumar rajistar haƙƙin mallaka ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, aka yi musu rajista da sunan ƙasar, da ƙa'idar yadda za a yi shi kafin ya ci wannan suna. Wanda ya ci kilishin Madawa ko na Tasawa ya san sun cancanta. Mu nan kowa ya ga dama ya buga "Kilishin Kano" a leda. Ga shi kuma masu iya buɗe falle suna ƙarewa. Yaran gidajen fawa sun ga acaba da adaidaita sun fi saurin kawo kuɗi, ba wanda zai zauna shekaru yana koyon wuƙa a sana'ar da ake yi wa kallon ƙazanta, yanzu kuma a ce za a kore ta daga gari.

Da ni ake shawara, da na ce a dawo da duba-gari na gaske, irin na zamanin En'e, waɗanda mahaifina ke jin tsoronsu fiye da ɗan sanda, ba masu zuwa karɓar na goro ba. A tabbatar likitan dabbobi ya ga dabba tana tsaye kafin yanka, ya kuma ga hanta da huhunta bayan yanka, a kowace kwata, har ƙananan na unguwanni. A haƙa rijiyar burtsatse a inda ake wanke kayan ciki. A taimaka wa masu kilishi da rumfar shanya mai raga, wadda rana ke shiga ƙuda ba ya shiga, sai a ga wanda zai sake neman maganin fesawa. Duk ledar kilishi ta ɗauki sunan mai yi da unguwarsa da ranar da aka naɗe. Sarkin Fawa kuma a mayar masa da ƙarfinsa, domin shi ya san wanda ke yanka da dare da wanda ke sayen abin da bai kamata ba, kuma a da in ya hana mutum wuƙa, ya hanu.

Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilinku kwata, amma ba da hantsi ba, lokacin da an share an watsa ruwa. Ya je ana kiran assalatu. Ya tambayi daga ina ruwan wankin yake zuwa da nawa ake sayen jarka, ya nemi ganin likitan da ke bakin aiki a wannan sa'a, ya zagaya baya ya ga da me ake babbaka, sannan ya bi babur ɗaya mai ɗauke da kayan ciki ya ga ƙarfe nawa yake isa tukunya. Abin da ya gani ku buga mana shi da hotuna.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan mahauta, malamin makaranta mai ritaya,
daga cikin birnin Kano.